Zauren Goggo: Ina za mu kai tsummokaran nan?

Assalamu alaikum jama'ar zaure. A fitowar da ta wuce na ɗan yi ƙorafi kan kwatar bayan gidanmu da samari suka yashe kafin damina, na ce abin da suka fiddo rabi leda ne rabi tsumma. To ashe na sosa wa mutane inda ke musu ƙaiƙayi, saƙonni suka yi ta shigowa ta WhatsApp har waya ta ɗau zafi, ko da yake a Sakkwato waya ba ta neman dalili kafin ta yi zafi. Ga waɗanda na tsamo, kuma na bar kowa da harshensa yadda ya rubuto.

TAMBAYA: Goggo barka da war haka. Ni tela na, shagonmu na nan wajen Rijiyar Ɗorowa, mu huɗu ciki. Lokacin sallah ƙyallayen da muka yankewa sai su cika buhu ukku ko huɗu. Da can akwai wata tsohuwa da ka zuwa tana kwashewa, to Allah ya yi mata rasuwa, tun sannan sai mu tara mu sa musu wuta bayan shago da dare. Yanzu maƙwabcinmu ya hwara ƙorahi wai hayaƙin na tada ma ɗiyarshi asma. Ni kau ban ga inda za ni kai su ba. Mi ya kamata in yi? Daga wani tela.

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ita ce hukumar kwasar shararku ba ku sani ba, kuma na tabbata ko sisi ba ku taɓa ba ta ba. Maƙwabcinka kuwa ya fi ka gaskiya, ka je ka ba shi haƙuri tun zance bai kai gaban mai unguwa ba.

Hayaƙin da kake tayarwa ba irin wanda kakanka ya sani ba ne. A da in tela ya ƙona ƙyalle auduga ya ƙona, warin takarda ne kawai, toka ta rage a share. Yanzu fa, fiye da rabin zaren da ake yi a duniya foliyesta ne, wato roba, daga man fetur ake fitar da shi, uwa ɗaya uba ɗaya suke da gorar ruwan nan da kake sha ka yar. Yadin samari mai sheƙi, leshi mai araha, hijabin nan mai santsi, shafin da kake sa wa riga a ciki, har da atamfar da mata da bakinsu suka raɗa wa suna atamfa roba, duk dangi ne. Ka ga kenan leda ka tara ka cinna wa wuta a ƙarƙashin tagar mutane, kai ma da kake tsaye kana juyawa da sanda kana shaƙa.

Ka gwada da kanka, gani ya kori ji. Ka yanko ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu, ka riƙe da bakin almakashi ba da hannu ba, ka fita waje ka kusanta masa ashana. Auduga za ta kama ta ci sumul ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa. Roba kuwa sai ta tsuke kamar tana gudun wutar, ta narke ta ɗiga da baƙin hayaƙi, in ta huce ta bar wani ƙullutu mai tauri kamar tsakuwa. Wanda aka gauraya zai yi maka duka biyun. Sati ɗaya in ka yi kana wannan, hannunka ma zai riƙa ganewa ba sai da ashana ba.

Daga nan sai ka daina zuba komai buhu ɗaya, don haɗawar ce ke mayar da shi shara. Manyan ƙyallaye da suka kai tafin hannu zuwa sama su tafi gefe guda, amma fa ka fara tambayar mai kaya ko yana so, don na san halinku teloli, a kawo yadi biyar a ɗinka huɗu, ɗayan sai a gan shi jikin ɗan autanka ranar idi. Wanda aka bar maka halal, ka ba yaran shago su koyi miƙe ɗinki a kai maimakon takardar buhun siminti, su haɗa su fitar da zanen gado, rigar filo, jakar Islamiyya, jakar cefane, ɗan shimfiɗar bakin ƙofa. In an iya jera kala abin yana kyau ƙwarai, in ba a iya ba kuma sai ya fito kamar rigar mahaukaci, don haka ka sa ido, kala biyu ko uku sun isa.

Ƙananan kuma masu saye na nan kusa da kai. Dukawanmu da ke ɗinka tumtum na fata, me kake zaton ake cusawa ciki? Tumtum da aka danna wa ƙyalle ya fi na soso zama daram, ba ya lotsawa da wuri. Masu filo da katifar hannu ma haka. Kanikawa da masu fenti da masu buga takardu auduga zalla suke so don ita ke shan mai, roba sai dai ta yi ta shafe shi tana yaɗawa, shi ya sa na ce ka ware. Dogayen da ake zarewa daga bakin yadi kuwa a tufka su igiya, tana ɗaure akuya lafiya lau, kuma kada wani yaro ya ce maka tufka aikin raini ne a garin da ake ba da labarin Shehu da kansa yana tufkar igiya don ya ci guminsa.

Ɗan burbuɗin robar da ya rage bayan duk wannan, ka ɗaure bakin buhu tam ka ba masu kwasar shara, ba wuta ba, ba kwata ba. Kuma ku huɗu ba za ku tara abin da zai sa mai saye ya turo amalanke ba, amma in telolin layinku duka suka haɗa wuri ɗaya, zai zo da ƙafarsa.

TAMBAYA: Salam Goggo. Ni gwanjo nika saidawa shekara 14 kenan, ga babana nig gada. Da in munka hwasa dila, kashi na ɗaya ɗai ka maida uwar kuɗɗi, saura riba ta. Yanzu dila ta yi tsada ninkin ba ninkin, ka hwasa ka iske rabi shara ta, wasu da tabo wasu sun yage, wasu jibga-jibgan rigunan sanyi da ko cikin hunturu ba mai iya sa su. Shin Turawan ga da gangan suka aiko muna shara, ko ko 'yan Kwatano ka zaɓe na kirki su ɗaure muna saura? Kuma gaskiya na wai kayan matattu na? Daga mai gwanjo, Tsohuwar Kasuwa.

AMSA: Alhaji sannu da fama. Bari in fara da na matattun don shi ya fi sauƙi. Mafi yawan masu kayan nan suna nan da ransu, sun gaji da rigar ne kawai. Ba mu kaɗai muka yi wannan zaton ba, a Gana sunan gwanjo obroni wawu, wato kayan Baturen da ya mutu, don mutane sun kasa yarda mai rai zai rabu da riga lafiyayya haka kawai. 'Yan kudu kuma okirika suke cewa, sunan wani garin bakin ruwa a jihar Ribas.

Yadda abin yake, mutum a Ingila ko Amurka ko Kanada ko Koriya zai zuba kayan da ya gaji da su cikin akwatin sadaka a bakin titi. Shagunan ƙungiyoyin agaji su sayar da kaɗan a can, sauran a sayar wa kamfanonin tantancewa a kan sikeli, su ware daraja-daraja, na sahun gaba ya tsaya can ko ya tafi gabashin Turai, saura a danne da inji a ɗaure a loda wa jirgin ruwa. To mu kuma a dokar kwastan ta Najeriya gwanjo yana cikin kayan da aka hana shigowa da su, shi ya sa yake sauka Kwatano ko Lome ya zagayo, hanyar Ƙonni da Illela kai ka fi ni saninta. Duk hannun da dila ta bi tana iya barin wani abu a can, don haka zarginka ga masu sake ɗauri ba banza ba ne. Tsadar ma ka san tushenta, an rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai Maris 2024 aka buɗe, ga naira da ta faɗi warwas a tsakanin.

Amma babbar matsalar tun daga gindi take. Kayan da Baturen ke saye yanzu su kansu ba na kirki ba ne. Daga 2000 zuwa 2015 yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka kusan sau biyu, kamfanoni suka koma yin na sa-ka-yar, riga mai araha da siririn zaren roba wadda ake sawa sau kaɗan ta saki. Wandon jins ɗin da babanka ke fiddowa daga dila, wanda za a sa shekara biyar a gadar wa ƙane, ba shi ake yi da yawa yanzu ba. Abin da aka zuba a tulu shi za a tsiyayo.

In kana son ganin inda hanyar nan ke ɓullewa ka dubi kasuwar gwanjo ta Kantamanto a Akara, babban birnin Gana. Masu aiki a kan lamarin can sun ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shiga duk sati, kuma wajen kashi 40 cikin 100 shara suke zama, har teku na amayo su bakin gaɓa a nannaɗe kamar igiyoyi, masunta na jawo tsumma a koma. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar, mu da muka ga abin da wuta ta yi wa babbar kasuwarmu a Janairun 2021 ba sai an yi mana bayani ba. A ƙasar Chile kuma cikin hamadar Atakama ake jibge su tsauni guda. Ruwanda ta ce ita ta gaji, a 2016 ta ɗaga harajin gwanjo daga santi 20 zuwa dala 2.50 kan kowane kilo, sai Amurka ta rama a 2018 ta cire tufafin Ruwanda daga rangwamen harajin AGOA, wato tsarin shigar da kayan ƙasashen Afirka Amurka ba haraji. Ka ga ashe sadakar tana da masu tsaron ta.

Ni dai ba na cikin masu cewa a kashe gwanjo gobe da safe. A kashe a sa wa talaka me? Masaƙar Kaduna da aka buɗe 1957 zamanin Sardauna ta rufe tun 2002, na Kano da Gusau kowa ya san yadda suka ƙare, kuma ba gwanjo kaɗai ya kashe su ba, akwai rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri sabuwa fil. Wanda ke da yara bakwai ga hunturu ya kawo kai, rumfarka ce rufin asirinsa.

Abin da zan ce ka ɗauka daga Kantamanto shi ne, cikin kasuwar akwai dubban teloli da masu rini da masu guga da ba su da aiki sai gyara abin da aka fiddo daga dila. Kai ma ka nemi tela ɗaya ku ƙulla. Ƙatuwar riga mai tabo a hannu tana fitar da rigar yaro tsaf. Jins da ya yage a gwiwa gajeren wando ne, ƙafafun kuma jaka ko abin ɗaurawar masu walda. Wadda ta koɗe in auduga ce a kai marina ta dawo da rai, in roba ce kada ka ɓata kuɗinka, shuni ba ya kama ta. Rigunan shan iska na auduga da suka wuce gyara a yanka su murabba'i a sayar wa kanikawa a kilo. Jibga-jibgan nan kuma ka adana su sai Disamba, ka nemi masu gadi da 'yan kabu-kabu masu fitowa da asuba, za ka sha mamaki. Sannan sayen dila cinikin biri a sama ne, to ka riƙa rubutawa, tambarin kaza na fasa, na kirki guda nawa, shara guda nawa. In ku goma kuka haɗa littafinku kuka ƙi tambari ɗaya tare, dillalin zai ji a jikinsa.

TAMBAYA: Goggo ina wuni. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aji uku a sashen kemistiri. Na ga wani bidiyo a TikTok an zuba tsofaffin kaya a inji sun fito sabon zare, har aka saƙa riga. Abin ya burge ni sosai, ina tunanin in na gama bautar ƙasa in kafa irinsa a nan Sakkwato. Da gaske ne ko haɗin bidiyo ne? Daga ɗiyarki a Runjin Sambo.

AMSA: Ɗiyata Allah ya yi miki albarka, da gaske ne, sai dai bidiyon minti ɗaya ba ya nuna inda gizo ke saƙar.

Hanya biyu ce. Ta farko tsohuwa ce tukuf, tun 1813 wani Bature Benjamin Law a garin Batley na Ingila ya fara yayyaga tsummokaran ulu yana sake kaɗa su. Inji ne mai haƙora, ya tsefe ƙyalle har ya koma kamar sabin auduga. Garin Prato a Italiya sun shahara da wannan, su dabararsu ware kaya kala-kala tun kafin a yaga, ja da ja, shuɗi da shuɗi, sai zaren ya fito da kalarsa ba sai an rina ba. Panipat a Indiya kuma can ne tsummokaran duniya ke zama bargo, irin barguna masu kaushin nan da ake rabawa a sansanin 'yan gudun hijira da yawansu daga can suke. Matsalar ita ce haƙoran injin suna gutsuttsura gashin audugar. Ki tambayi duk tsohuwar da ta taɓa riƙe mazari, auduga in gashinta gajere ne ba ta kaɗuwa, zaren tsinkewa yake yi. Dole sai an haɗa da sabuwar auduga, kuma sau da yawa sabuwar ce ta fi yawa.

Ta biyu ita ce ta fanninku, a narkar da ƙyallen da sinadari. Auduga a mayar da ita kamar kunu a sake jawo zare daga ciki. Wani kamfani a Suwidin mai suna Renewcell ya gina babbar masana'anta kan wannan, ya fara aiki ƙarshen 2022, duniya ta yi ta tafi, a Fabrairun 2024 ya durƙushe saboda manyan kamfanonin tufafin da suka yi ta yabonsa ba su saya yadda ake zato ba, sabon zare ya fi araha. Daga baya wasu suka saye shi suka sa masa suna Circulose. Ɓangaren roba kuma akwai Carbios a Faransa, su da inzayim suke aiki, wato sinadarin da halittu ke yi mai warware abu, wanda asalinsa cikin takin ruɓaɓɓen ganye aka samo shi suka gyara, a 2020 suka nuna yana warware kashi 90 cikin 100 na robar gora cikin awa 10 ta koma sinadaran da aka haɗa ta da su. Wannan ki je ki karanta shi da kyau, zai yi miki daɗi.

To ina gizon? Gauraye. Yawancin kayan jikinmu auduga ce da roba aka murɗa cikin zare ɗaya, ga ɗan zaren talewa da ake sa wa jins da siket, abin da ke narkar da wannan yana ɓata wancan. Kafin a kai ga haka ma sai an cire zif da maɓalli da duwatsun leshi, yawanci da hannu. Shi ya sa rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya ce abin da ke komawa sabuwar tufa daga tsohuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Rigar da za ki ga an rubuta wai da robar da aka sake sarrafawa aka yi ta, kusan duka daga gorar ruwa ce, ba daga tsohuwar riga ba. Turai ma yanzu suke rarrafe, sai Janairun 2025 dokar ware tsumma daga sauran shara ta fara aiki a ƙasashen Tarayyar, ko da yake Faransa tun 2007 ta ɗora wa masu sayar da tufafi biyan kuɗin kwashe tsofaffinsu.

Saboda haka masana'antar narkarwa ki ajiye ta gefe tukuna, tana son wutar da ba ta ƙiftawa da ruwa mai yawa da tan-tan na tsumma tantacce kullum, mu kuwa kin san yadda muke da wuta. Amma injin tsefewa ƙarami ba ya fin ƙarfin mutum, kuma abin da yake fitarwa ba sai ya zama zare ba, masu filo da katifa da kafintocin kushin za su saya. Wanda ya fi ja min hankali kuma shi ne silin. A Faransa da Amurka ana tsefe tsofaffin jins a danne su kamar katifa a shimfiɗa cikin rufi da bango don tare zafi da sanyi, ana sa musu sinadarin boret saboda wuta da ƙwari. Yanzu ki tuna ɗakin kwano a Mabera cikin Afrilu, zafi ya haura 40, ki gaya min ba a buƙatar wannan. Ga aikin binciken kammala digirinki nan na ba ki kyauta, akwati biyu na kwano, ɗaya da tsumma a rufi ɗaya babu, ki sa ma'aunin zafi ki rubuta, sannan ki gwada yadda yake da wuta, don in ba ki magance wannan ba kada ki kusanci rufin kowa. Ki sa takunkumi in kina tsefewa, ƙurar tana cin ƙirji.

In kuma hannu kike so ki fara da shi, ki duba aikin Adejoke Lasisi a Ibadan, da masaƙar gargajiya take saƙa ledar fiya wata da ƙyallaye tana fitar da jaka da takalma. Telan da ya yi tambaya ta farko yana neman inda zai kai buhu huɗu, ke kina neman kayan aiki, ku biyun gari ɗaya kuke.

TAMBAYA: Goggo don Allah kar ki yi min dariya. Bara kaɗai anko 9 na yi, wasu sau ɗaya na sa, sif ta cika akwatunan lefe sun cika har maigida ya fara magana. Na tattara zan ba almajirai da mai aikina amma wasu sun koɗe wasu sun ɓarke a hammata. Ya zan yi? Maman Ihsan, Arkilla.

AMSA: Maman Ihsan ai na riga na yi dariyar, amma da ni da ke nake yi wa, don ni ma in aka buɗe akwatina sai an kira 'yan kwana-kwana. Muna zagin Turawa da sa-ka-yar, to anko fa mene ne? Kamu da kalarsa, wuni da kalarsa, walima da tata, kuma duk wadda aka ga hotonta da shi a Instagram shi kenan ya mutu. Akwai wani anko da aka sa mu saya bikin 'yar ƙawata, wanki ɗaya ruwan ya koma ja zanen ya koma kalar hanta, mai shagon ya rantse mana auduga ce, na sa ashana ya ɗiga kamar kyandir.

Ki tuna yadda zane ke tafiya gidan iyayenmu. Inna ta ɗaura shi shekaru, ya koma na zaman gida, ya koma na goyo, a yanka a yi wa jariri nafkin, abin da ya saura ya zama gammo ko tsumman sauke tukunya, ƙarshe ya faɗa juji ƙasa ta cinye shi a kwashe a kai gona. Ba wanda ya kira wannan da wani suna, kuma ya yiwu ne don auduga ce. Atamfa roba ba ta goyo don zamewa take, ba ta shan ruwa balle ta yi nafkin, tukunya kuma in kin kama da ita ta manne miki a hannu, ƙasa ma ba ta cin ta, sai jikokinki su tono ta da kalarta.

Kayanki ki zube su tsakar ɗaki ki raba. Masu kyau da kin san ba za ki ƙara sawa ba ki kira dillaliya, ko ki ba wadda kika san za ta fita da su kunya. Waɗanda suka ɓarke ki kai a ɗinke kafin ki bayar, kuɗin faci bai kai na katin waya ba. Amma wanda ya mutu murus kada ki ɗora wa almajiri da sunan sadaka, aya ta 267 cikin Baƙara ta hana mu zaɓo mummunan da mu kanmu ba za mu karɓa ba mu ce shi za mu bayar, kuma in kin duba abin da mai gwanjo ke kuka da shi a sama kenan, wani ya share ɗakinsa ya kira shi kyauta. Yaron zai karɓa don kunya, ya yar a kwata a bayan gidanki. Wannan ki yanka na goge-goge, ko ki tara wa masu tumtum.

Zanen atamfa mai kyau guda biyu suna fitar wa Ihsan riguna har da ɗankwali. Sai kuma maganar gaba, in bikin gidanku ya zo ki zama ta farko da za ta ce kala kawai za a faɗa, kowa ta sa shuɗin da take da shi. Za a yi gulma sati ɗaya, rabin masu gulmar a ransu godiya suke miki.

TAMBAYA: Goggo ragon da nike kiwo na layya ya yi ta ramewa yana ci ba ya ƙiba, da anka yanka sai ga leda da tsumma dunƙule cikin tumbinshi. Tsumma ma na kisa? Daga Wamakko.

AMSA: Yana yi Malam, Allah ya mayar da alheri. Ƙyallen roba da igiyar buhu ba sa narkewa a tumbi, sai su cure da leda su cike wurin abinci, dabba tana ci tana ramewa, mahauta sun saba gani. Wanda ya yi nisa sai likitan dabbobi ya yi aiki ya fitar. Ka daina sakin su kan juji, ka ajiye musu gishirin lasa ko kanwa, don sau da yawa ƙwaɗayin gishiri ke sa su tauna abin da ba abinci ba.

TAMBAYA: Goggo ke da kike ta bayani, tsakani da Allah kina sa gwanjo? Daga wani jikanki.

AMSA: Kai ja'iri. Ina sawa mana. Suwaitar da nake fita masallacin asuba da ita duk hunturu a Tsohuwar Kasuwa na tsince ta, ulu ce ta gaske, ta fi shekara goma, sau biyu ina sake mata maɓalli. Ranar da na saye ta na tarar da tikitin bas a aljihu da wani rubutu da har yau ba a samu mai karanta min shi ba, yana nan cikin gwangwanin allurata in kana son gani.